Maganin Ciyawa da Ruwan Madatsa: Misalin Warwade da Kewayen Dutse



Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Karin maganar ta ginu ne a kan abin da talaka ya daɗe yana dogara da shi, watau cewa duk ruwan da ya ɓaci zai nuna alama. Ko dai launinsa ya sauya, ko ya yi wari, ko harshe ya ji bambanci, sa'an nan a tashi neman dalili. Da wannan ma'auni ne mace take duba tulunta, da shi makiyayi yake zaɓen mashaya. Ruwan da wannan lacca za ta yi magana a kansa ya fita daga wannan ƙa'ida. Yana iya kasancewa garai-garai, mai sanyi, mai daɗin sha, amma yana ɗauke da ragowar maganin kashe ciyawa da aka fesa a gonakin da ke kewaye da shi. Ido ba ya gani, hanci ba ya ji, kuma tafasawa ba ta kawar da shi.

Za a ɗauki madatsar Warwade, wadda take 'yar tafiya kaɗan daga birnin Dutse, a matsayin misali, domin a bi sawun wannan magani daga gona har zuwa kwanon sha.

Yadda madatsa da maganin feshi suka haɗu

Madatsun ruwa na wannan yanki 'ya'yan fari ne. Bayan farin da ya auka wa ƙasashen Sahel daga 1972 zuwa 1974, tsohuwar Jihar Kano, wadda Dutse take cikinta a lokacin, ta ƙara himma wajen tare ruwan damina. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ne ya aza harsashin wannan aiki. An gama madatsar Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, madatsar Challawa kuma ta biyo baya a 1992. Tsakanin waɗannan manya akwai ƙanana da matsakaita da aka warwatsa a ƙauyuka, kuma Warwade na cikinsu. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama hedkwata, ta gaji wannan ruwa. Manufar waɗanda suka gina shi a fili take: mutum ya sha, dabba ta sha, a yi su, a yi noman rani.

A lokacin da ake waɗannan gine-gine, ciyawar gona da hannu ake yaƙarta. Bayan shuka sai firi, bayan firi sai maimai, wani ma ya ƙara da sassarya. Gandu na da hannuwa da yawa, inda kuma aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya. Wannan tsari ya yi rauni a hankali. Gandu ya watse, samari sun tafi makaranta ko ci-rani, gayya ta zama labari, kuɗin ƙwadago kuwa ya hau har ya zama shi ne kaso mafi nauyi a lissafin ƙaramin manomi. A daidai wannan gaɓa ne kwalbar magani ta shigo kasuwa. Abin da zai ɗauki majiya ƙarfi da dama kwanaki da fartanya, yaro ɗaya da injin feshi a goye zai gama shi kafin azahar. Duk wanda ya taɓa sunkuyawa yana fama da kiri-kiri ko jiji a watan Yuli ba zai yi gaggawar zargin manomin da ya karɓi wannan sauƙi ba. A yau a kasuwa irin ta Shuwarin, da zarar hadarin farko ya taso, rumfunan maganin feshi na cikin waɗanda suka fi cika. Ita kanta gwamnati takan haɗa wannan magani cikin kayan tallafin da take rabawa, tare da iri da taki.

Ga madatsa an gina domin tara ruwan da ya gangaro daga gonaki, ga gonakin kuma an koma wanke su da sinadari. Ba a shirya ɗaya da tunanin ɗayan ba.

Magungunan da halayensu

Ba duka magungunan suka taru suka zama ɗaya ba, kuma bambancin halinsu shi ne yake nuna inda za a neme su.

Na farko shi ne atarazin, wanda kamfanin Geigy na ƙasar Suwizalan ya fito da shi a 1958, ana fesa shi a gonar masara da dawa da rake. Shi ne babban abin damuwa ga mai kula da ruwa, saboda ba ya manne wa ƙasa sosai kuma ba ya saurin ruɓewa. Ruwa na ɗaukarsa ya bi da shi kwari, ko ya nutsa da shi ƙarƙashin ƙasa. Jamus ta hana amfani da shi tun 1991, amma fiye da shekara 20 bayan haka masu bincike sun ci gaba da samunsa a ruwan ƙarƙashin ƙasarta. Tarayyar Turai ta janye izininsa gaba ɗaya a 2004, dalilinta kuwa shi ne yawan bayyanarsa a ruwa. A Amurka, inda ba a hana shi ba, hukumomin ruwa na garuruwa da yawa sun kai kamfanin Syngenta ƙara a kan kuɗin da suke kashewa wajen tace shi, aka sasanta a 2012 a kan dala miliyan 105, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A 2002 wani masani na Jami'ar Kalifoniya, Tyrone Hayes, ya buga sakamakon gwajin da ya nuna ɗan ƙanƙanin atarazin na rikita halittar jinsin kwaɗi. An yi ta muhawara a kan wannan bincike, amma ya jawo hankalin duniya ga tambayar abin da wannan sinadari yake yi wa ma'aikatar haihuwa ta jikin halitta.

Na biyu farakwat, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fara sayarwa a 1962 da sunan Gramoxone. Manoma na sonsa domin yana ƙone ciyawa a kwana ɗaya ko biyu, mutum ya ga aikin kuɗinsa. Halinsa kishiyar na atarazin ne: yana kama laka ya manne ƙam. Saboda haka ba ya cika yawo a cikin ruwa, sai dai ya bi ƙasar da zaizaya ta kwaso ya kwanta a gindin madatsa. Haɗarinsa mafi girma na kan wanda ya taɓa shi kai tsaye. Kurɓa ɗaya na iya kashe babba, yana lalata huhu, kuma har yau ba a samo makarinsa ba. Turai ta hana shi a 2007.

Akwai gilaifoset, wanda Monsanto ya fitar a 1974 da sunan Roundup, shi ne aka fi amfani da shi a duniya. Shi ma yana kama ƙasa. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa cutar, wasu hukumomi suka saɓa mata, Tarayyar Turai kuma ta sabunta izininsa na shekara 10 a 2023. Ga abin da ya shafi madatsa, sinadarin da ake haɗa shi da shi don ya kama ganye ya fi shi kansa cutar da 'ya'yan kifi da talibamban. Sai 2,4-D da butakulo, abokan mai noman shinkafa. Na biyun guba ne ƙwarai ga kifi, kuma a fadama ake zuba shi, watau a bakin ruwa.

Hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana farakwat daga 1 ga Janairu, 2024, da atarazin daga 1 ga Janairu, 2025. Mataki ne mai kyau. Amma sanarwa a Abuja ba ta kwashe kayan da ke kan teburin ɗan kasuwa, kuma ba ta tono abin da ya riga ya kwanta a laka.

Hanyoyin da yake bi zuwa ruwa

A nan ya kamata a tsaya a dubi ƙasar kanta, domin sunayenta biyu sun riga sun faɗi rabin bayanin. Dutse gari ne na duwatsu, kuma ruwan da ya sauka a kan fā ba ya tsayawa; yana gangarowa da ƙarfi ya ratsa gonakin da ke gindin dutse. Jigawa kuwa ma'anarta ƙasa mai rairayi. Rairayi ba shi da laka mai yawa, ba shi da ruɓaɓɓen ganye mai yawa, waɗannan biyun kuwa su ne suke riƙe magani har ƙwayoyin halittar ƙasa su cinye shi. Don haka abin da ƙasar laka za ta tsare, jigawa sakinsa take yi, wani ya bi kwararo zuwa madatsa, wani ya sauka zuwa ruwan da rijiya da burtsatse suke ja.

Lokaci ma yana da nasa hannu. Feshi mafi yawa ana yin sa ne a farkon damina, cikin Yuni da farkon Yuli, sa'ad da ƙasa take tsirara, shuka ba ta rufe ta ba, ruwan sama kuma yana zuwa da iska da ƙarfi. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa mafi yawan maganin da yake barin gona yana tafiya ne da babban ruwan da ya fara sauka bayan feshi. Manomi ya fesa da hantsi, hadari ya haɗu da la'asar, kafin gari ya waye wani kaso na kuɗinsa yana cikin Warwade. Ya yi asara sau biyu, ciyawarsa ba ta mutu ba, ruwan shansa kuma ya karɓi abin da ba a nufe shi da shi ba.

Hanya ta biyu ta fi wannan kusa, kuma ita ce aka fi rainawa. Duk madatsa a wannan ƙasa tana cika a Satumba, ta fara ja da baya tun daga kaka har bazara. Ƙasar da ruwa ya janye ya bari tana da danshi da ni'ima, babu manomin da zai gan ta ya kau da kai. Nan ake dasa tumatir da albasa da tattasai da masarar rani, nan kuma ake feshi. Idan damina ta dawo, ruwa ya sake hawa ya rufe wannan fili. A wannan hali ba a bukatar kwararo ya kai magani cikin madatsa, domin cikinta aka fesa shi tun farko, ruwa ne kawai bai iso ba tukuna.

Ta uku ita ce hannun mai feshi. Injin goyo na cin ruwa lita 15 zuwa 20, kuma a cika shi sau da yawa kafin a gama kadada ɗaya. Ina za a ɗebo ruwan in ba bakin madatsa ba? Can ake zuba magani a murfi a auna, can yake ɗiga, can ake wanke injin da tufafi idan an tashi. Abin da yake zuba a nan tsantsa ne, ba a sirka shi ba. Kwalbar da ta ƙare kuwa ba a yar da ita. Wani ya ɗauraye ta ya zuba ruwan sha na gona, wani man gyaɗa, wani masunci ya ɗaura ta a jikin taru ta zama masa gora.

Akwai wata hanya da ba ta sinadari ba ce kai tsaye. Fartanya tana yanke ciyawa ta bar ta a kwance ta rufe ƙasa, kuma manomin dā yakan bar gamba a kan iyaka da gefen kwari. Feshi ba ya zaɓe. Yana share iyaka da gaɓar rafi, ya bar ƙasa ba saiwar da za ta riƙe ta. Zaizaya ta ƙaru, laka ta cika madatsa, kuma lakar ce take tafe da farakwat da gilaifoset. Tafasa da lalo da zaƙi-banza, waɗanda mata suke tsinka don miya da kwaɗo, su ma ciyawa ne a wurin magani. Wannan wata asara ce da ta cancanci laccarta daban.

Abin da aka faɗa game da Warwade ya shafi arewacin jihar ta hanya mafi girma. Ruwan Tiga yana shayar da filayen shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura, ragowarsa ya koma kogi, ya bi ta Wudil da Ringim, ya isa filayen Auyo da Haɗeja, ya ƙare a dausayin Haɗeja da Nguru. Jigawa a ƙasan Kano take a wannan kogi, abin da aka fesa a sama ita take tarba.

Nawa ne ya yi yawa?

Ana auna irin wannan gurɓata da maikurogiram, watau kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Dokar ruwan sha ta Tarayyar Turai ba ta yarda kowane maganin feshi ya wuce maikurogiram 0.1 a lita ba. Ma'anar wannan ita ce giram 1 cikin lita miliyan 10. A ɗauki kwalbar atarazin ta lita ɗaya mai ɗauke da giram 500. A ƙaddara kashi 1 cikin 100 ne kawai ruwan sama ya wanke, watau giram 5. Wannan ya isa ya kai lita miliyan 50 bakin iyakar Turai. Kwalba ɗaya ke nan, ta manomi ɗaya.

Sai dai ma'aunan duniya ba su daidaita ba. Amurka ta tsayar da iyakar atarazin a maikurogiram 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe a kan 2, sa'an nan a 2011 ta ɗaga zuwa 100. Tsakanin ma'aunin Turai da na wannan hukuma akwai ninki 1,000. Ɗalibi na iya tambaya, wanne ne gaskiya? Amsar ita ce tambayoyi biyu ake amsawa. Ɗaya na lissafin abin da babban mutum zai sha tsawon rayuwarsa ba tare da an ga illa ba, ɗayan kuwa ya ɗauki matsayin cewa maganin gona ba shi da gurbi a ruwan sha ko kaɗan. Kuma duka biyun ruwan famfo suke nufi, wanda ya bi ta matata. Ba a yi su don yaron da ya tsoma kai ya sha a bakin gaɓa ba, ko saniyar Bafillace da take tsayawa a wurin da aka wanke injin feshi jiya, ko tarwaɗa da karfasa da suke rayuwa a cikinsa dare da rana. Ga kifi ma, illar ba sai ta kisa kai tsaye ba. Maganin da aka ƙera don ya hana ganye sarrafa hasken rana haka zai yi wa gansakuka da bado da ƙananan tsirran ruwa, su ne kuwa tushen abincin kifi. Masunta sun san gamalin, domin yana kashe kifi su taso a ga cikinsu fari. Wannan a hankali yake rage kamu, har a ɗora laifin a kan yawan masu su.

Ma'aikacin hukumar ruwa ya kamata ya san cewa alif da tace da rairayi da kulorin, waɗanda su ne kayan aikin matatun da aka saba, an yi su ne don laka da ƙwayoyin cuta. Ba sa cire atarazin yadda ya kamata. Wannan sai da gawayi na musamman da ake sarrafawa a masana'anta, mai tsada, wanda garuruwan Amurka ma suka kai ƙara a kan kuɗinsa. Ƙauyen da ke shan madatsa kai tsaye ba shi da ko alif ɗin. Ke nan duk gyaran da zai yiwu a nan, a gona da bakin gaɓa zai yiwu.

Sunan da aka ba shi

Mai nazarin harshe ba zai wuce wannan batu bai dubi kalmar ba. Bahaushe ya kira abin magani. Kalma ɗaya ce da wadda yake kiran abin da likita ya ba ɗansa. Harshen yana da guba, yana da dafi, kuma duk abin da aka kira da ɗayansu ba a ajiye shi kusa da hatsi, ba a ba yaro ya ɗauka, ba a wanke mazubinsa a inda ake sha. Amma da aka ce magani, sai tunanin magani ya biyo shi: in kaɗan ya yi aiki, da yawa zai fi, in biyu aka haɗa, sai ƙarfi ya ƙaru. Haka manomi yake ƙara murfi ɗaya a kan ƙa'ida don ya tabbata. Bugu da ƙari, bayanin da ke jikin kwalba da Ingilishi yake, wani lokaci da Faransanci in ta iyakar Maigatari ta shigo, da ƙananan haruffa. Malamin manomi a wannan fanni shi ne mai sayarwa, wanda ribarsa take cikin yawan abin da aka saya. Malaman gona na hukumar JARDA, waɗanda aikin nasu ne, ba su kai yawan ƙauyukan ba.

Nauyin kuwa a rarrabe yake. NAFDAC ce mai rajistar magani, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce mai dokar muhalli, ma'aikatar gona tana raba kaya, ma'aikatar ruwa tana da madatsa, ma'aikatar lafiya tana jiran maras lafiya. Da a ce masana'anta ɗaya ce take zubar da dagwalo, da an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Amma gonaki ɗaruruwa ne, kowace da ɗan kasonta, babu wanda ya yi abin da za a kama shi. Wanda ya san kowane manomi da iyakar gonarsa a bakin Warwade shi ne dagaci da mai unguwa da sarkin noma da sarkin ruwa. Umarnin cewa a bar tazara daga gaɓa ba a feshi, a mayar da gamba da jema a wannan tazara, a ɗebi ruwa da bokiti a tafi nesa kafin a haɗa magani, a huda kwalbar da ta ƙare don kada ta sake zama mazubi, ta bakinsu zai fi shiga, in ƙaramar hukuma da masarautar Dutse suka tsaya musu. Ba ko ɗaya a cikin waɗannan da yake bukatar kwangila.

Ga ɗalibai kuma akwai aiki a gabansu. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana kusa da wannan ruwa ƙwarai. Amma awo yana da lokaci. Wanda ya je Warwade a watan Janairu, sa'ad da hanya ta bushe kuma zangon karatu ya ba shi dama, ya ɗebi kwalba ɗaya a tsakiyar ruwa, zai iya komawa ya rubuta cewa lafiya lau. Sai a ɗiba a bakin kwararon da ke shigowa, cikin kwana ɗaya ko biyu bayan manyan ruwan Yuni da Yuli. A sake ɗiba a Satumba sa'ad da ruwa ya rufe filin noman rani. A ɗiba a Afrilu da Mayu sa'ad da zafi ya ƙafar da madatsa abin da ke ciki ya taru. A haɗa da lakar gindi, da naman kifi, da rijiyoyin da ke ƙasan bango. Ɗalibin kimiyya ya tafi tare da na sashen Hausa, domin wani ya zauna da manoma ya rubuta sunayen da suke kiran kowane magani, da murfi nawa suke zubawa a goyo ɗaya, da ranar da suka fesa. In babu wannan rajista, wanda ke ɗakin gwaji ba zai san abin da zai nema a cikin kwalbar ba. Daga cikinta ne kuma za a tsamo kalmomin da za a rubuta gargaɗi da su a jikin kwalba, da boko da ajami, a kuma karanta a rediyo a makon da aka yi ruwan shuka.